Na-ƙoshi Ya Je Indiya Roƙon Iri

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a kasuwar Ƙanƙara, har a wurin jana'iza, duk wanda ya gan ni sai ya fara leƙa hannun rigata na dama kafin ya ce sannu da zuwa. "Malam Lawal, ina hannun?" To ga amsa guda ga kowa, in samu in sha iska. Ban je Indiya don a dasa mini hannu ba, yadda na tafi haka na dawo da dunguna. Wanda ya baza cewa an ɗinka mini hannun Ba'indiye na ɓoye shi a riga don yana rawa da kansa in ya ji kiɗa, na san shi. Taubashina ne, Alhaji Sale na Sabuwa, kuma ni da shi akwai zama. Da hagu nake wannan rubutu, wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, injin sussukar masara ne ya ci hannuna na dama a gonata ta Ketare, wata kaka da ta daɗe da wucewa. Ban mutu ba, ban yi bara ba, noma ma ban bari ba. Abu ɗaya na bari. A unguwarmu muna da ciyayya, bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa ƙofar gidan mai unguwa, a haɗa a ci tare. Tun da abin ya faru, da na hango an ɗauko kwanuka sai in miƙe in kaɗe riga in ce na ƙoshi. Yau na ƙoshi, gobe na ƙoshi, har sunan ya bi ni. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce maiɗakina ce ke ɓoye mini dambun nama a ɗaka. Na bar kowa da abin da ya zata.

Tafiyar ta samo asali ne daga Ummi, ɗiyar ƙanwata da ke aure a Faskari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya kiran sunanta na yanka, ba na kuma iya hana ta abu. Likitar fiɗa ce a wani babban asibitin koyarwa, ita ke ɗinke mutanenmu in inji ko bindiga ta yi masu ɓarna. Ta zo har gida ta zauna a tabarma ta ce, "Kawu, akwai wata gidauniya da ke ba likitoci kuɗin bincike a kan dashen hannu da fuska. Amma ba wanda ya gama aiki suke ba wa ba. Wanda tunaninsa bai ko tsiro ba, shi suke nema."

Na ce, "Wato iri suke rabawa, ba hatsi suke saye ba."

"Haka ne. Sun ma san da yawa ba zai fito ba."

Na ce lallai waɗannan ba su taɓa zama da mutanenmu ba. A nan ko garma ka je aro sai an tambaye ka wanda ya haifi kakanka.

Ta yi mini bayanin tunanin nata yadda kan manomi zai ɗauka. A duniya yanzu ana cire hannun wanda ya rasu, da yardar danginsa, a dasa wa mai rai, har ya riƙe cokali. Matsalar ita ce jiki yana da 'yan sintirinsa, irin namu na bakin gari, da sun ga baƙo sai su far masa. Ana ba su magani su yi sanyi, amma wani lokaci sukan farka. In sun farka, alamar farko fatar hannun ta yi ja, likita ya gani ya ƙara magani tun ba a yi asara ba. Ta ce, "To Kawu, ni da kai wane ja za mu yi?" Na dubi damtsena na yi dariya. Mu ko barkono aka goga mana launin nan dai shi ne. Kafin a gane, hannu ya lalace, shi ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da baƙar fata, balle wanda gidansa ke nesa da asibiti. Ita tana zaton in aka haska wata irin fitila aka ɗauki hoto da wayar hannu, za a ga jan da ido bai gani. Zato ne kawai, ba ta gwada ba.

Ta nemi tallafi a wasu wurare an hana ta don ba ta da sakamako, ba ta da sakamako don ba ta da abin gwaji. Ga wani asibiti a ƙasar Larabawa yana ta kiran ta. Ita da maigidanta sun yanke, in wannan ma bai yiwu ba za su tattara su tafi, tunanin ya mutu a cikin kanta. Gidauniyar kuma ta sa sharaɗi, kowane mai nema ya zo da mutum guda wanda abin ya shafa, ya faɗa da bakinsa yadda yake rayuwa. Ta ce, "Kawu, gaskiya kawai za ka faɗa masu." Na ce wannan ai wasa ne, ni da ake cewa na haɗiyi rediyo.

Kafin mu kama hanya na biya Faskari sallama da ƙanwata. Alhaji Sale ya ji labari ya hawo babur tun daga Sabuwa, ba don ƙauna ba, don ya samu abin faɗa. Ya ja ni wurin limamin unguwar ƙanwar tawa ya durƙusa kamar mutumin kirki ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce ranar tsayuwa hannaye za su yi shaida. In aka dasa wa wannan bawan Allah hannun ɓarawon awaki, wa za a kama?" Liman ya yi murmushi ya ce malamai da yawa sun halatta dashe in akwai lalura da izini, kuma wanda ya halicci hannu ba zai rikice da na wane ne ba. Sale ya ce shi dai in akwai zaɓi a sa mini na mai kyauta, don wanda inji ya ci ma bai taɓa shiga aljihu ba.

Hanya kun san ta. Direba ya ce in la'asar ta yi bai kai Funtuwa ba, ko uwarsa ce a mota sai dai a kwana inda ake, saboda 'yan bindiga. Muka wuce shingaye ana leƙo mu ana cewa a sauka lafiya, kowa bakinsa da salati har muka ga kwalta mai faɗi. A Abuja aka fara ci mini mutunci. Wai ba a shiga Indiya daga ƙasarmu sai an sha rigakafin shan-inna. Wata ma'aikaciya sa'ar jikata ta ce in ɗaga kai in buɗe baki, ta ɗiga mini kamar jariri, da furfurata da komai. Na ce saura ki shafa mini shuɗi a yatsa. Ta ce in ina so akwai.

Jirgi ba ni da abin cewa a kansa sai alheri, ban da ɗamarar kujera da aka yi don masu hannu biyu. Da aka kawo abinci na juya wajen taga na ci da cokali, ba wanda ya kula. Muka sauka Habasha muka sake wani, na yi barci na tashi na iske mun iso wani birni a kudancin Indiya, bakin teku.

A wurin masu duba fasfo aka yi ta ta ƙare. Akwai wani gilashi mai kore da ake ɗora yatsu. Na ɗora na hagu ya karɓa. Jami'in, kansa a sunkuye, ya ce dama. Ya sake cewa dama, ya buga tebur. To ni ba na musu da hukuma, sai na naɗe hannun riga na ɗora masa dungun a kan gilashin. Bawan Allah ya ɗago ya zabura har hularsa ta goce. Ya kira na gaba da shi, na gaban ya kira wani, suka taru suna duba na'ura suna neman inda ake rubuta babu. Can ya dube ni ya kaɗa kai hagu da dama. Na ce shi ke nan Ummi, an kore mu. Ta ce, "Kawu wuce, haka suke cewa to." Ashe mutanen nan da kaɗa kai suke yarda. Na ce da matanmu sun san da wannan ƙasa da tuni sun ce can aka yanke masu cibiya.

Da muka fito na ga kurkura, keken nan mai ƙafa uku, ta cika titi kamar fara. Ashe nan ne gidan ubanta. Direbobinsu kuwa sun fi namu hauka, na rantse ban zaci akwai ba. Shanu na yawo a tsakiyar kasuwa ba makiyayi ba igiya, wata ta sa baki ta ɗauki ayaba a teburin wani ya sunkuya mata. Na tsaya ina kallon wani bijimi mai tozo, zuciyata na cewa wannan a kasuwar shanu ta Sheme ba zai kai azahar ba. Maza kuma da ɗaurin zane, har manyan likitoci, a naɗe shi zuwa gwiwa a sa riga mai aljihu da biro. Abin da ban gani ba shi ne masu rawa a cikin furanni irin na finafinansu. Na duba iyakar dubawa, duk wanda na gani sauri yake zuwa wurin aiki.

Masaukinmu na baƙin wani asibiti ne, kuma a nan na fara jin mutanen nan 'yan uwa ne, don na iske bokiti da moɗa a makewayi ba sai na roƙa ba. Zafinsu dai ba irin namu ba ne. Namu gasa ka yake, nasu dafa ka yake. Abinci kuwa komai da kwakwa, har na fara zargin ruwan alwala. Da safe su kawo wata farar masa da ba ta taɓa ganin mai ba, da miya ruwa-ruwa. Maiɗakina ta ƙulla mini yaji a leda wai kada in rasa ɗanɗano a ƙasar mutane. Na ɗanɗani miyarsu sau ɗaya na mayar da yajina ƙasan jaka, na ba shi haƙuri. Akwai ɗakin cin abinci a ƙasa inda baƙi ke haɗuwa, amma ni kullum sai in ce wa Ummi a hawo mini da nawa, ƙafata na ciwo.

Ranar taro aka kai mu wani zaure mai sanyi. Alƙalai na zaune a dogon tebur, yawancinsu manyan likitoci daga ƙasashe daban-daban, shugabarsu wata tsohuwa mai farin gashi da tabarau a kan hanci. Masu neman iri suka yi ta fitowa. Wani yana son ya yi akwatin da zai riƙa ba yankakken hannu jini har a kai shi nesa. Wata tana son jijiya ta riƙa tsiro da sauri. Wani kuma so yake ya sasanta 'yan sintirin jiki da baƙo tun kafin baƙon ya iso. Ba wanda ya zo da abu a hannu, kowa da zato ya zo, kuma ba wanda aka yi wa dariya. Wannan ya burge ni ƙwarai. A garinmu in ka tashi a taro ka ce kana zaton wani abu, kafin ka zauna an raɗa maka suna.

Ummi ta tashi ta yi nata. Ban ji Turancin duka ba, amma na ga alƙalai sun daina duba waya, na ce a raina jinin gidanmu ke nan. Sai aka ce in matso, ita za ta yi tafinta.

Tsohuwar ta ce, "Malam, yaya rayuwa tun da ka rasa hannunka?"

Jama'a, ku faɗa mini, in baƙo ya tambaye ka yaya gida, me kake cewa? Na gyara hula na ce, "Alhamdulillahi, lafiya lau."

Ummi ta dube ni, ta fassara.

"Wane aiki ne ya gagare ka?"

"Babu. Ina noma, ina kiwo, bara ma na fi maƙwabcina dawa."

Ummi ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ta fassara yadda na faɗa, don yarinyar ba ta iya ƙarya ba, a nan ta bar gidanmu.

"Akwai abin da ke damun ka a zuciya?"

"Sai godiya. Wani ma ƙafa biyu ya rasa."

"In da za a iya dasa maka hannu, kana so?"

Yanzu ni da girmana in zauna gaban mace baƙuwa in ce ina so, kamar mai bara? Na ce, "Wanda Allah ya bar mini ya ishe ni."

Na ga alƙalai suna rubutu suna murmushi, wani Bature har ya ɗaga mini babban yatsa. Na koma kujera ina jin na fitar da Katsina kunya. Sai da aka tashi cin abinci na ga Ummi ta tsaya a bakin taga ta ba ni baya. Na ce, "Uwata, yaya dai? Ban yi kyau ba?"

Ta juyo idonta ya kawo ruwa. "Ka yi kyau Kawu. Ka gaya masu mutanenmu ba su bukatar komai. Wa zai ba da iri a shuka a gonar da mai ita ya ce rumbunsa cike yake?" Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce da yamma za a sake kiran kowa a yi masa tambayar ƙarshe, amma ita ta riga ta san inda aka kwana. Wallahi na ji kunya da baƙin ciki sun haɗu mini. Na ɗauko yarinya tun daga Faskari na kawo ta bakin teku na yanka ta da bakina, kuma ladabi na yi.

Abincin ranar ba na cokali ba ne. An jera mutane a dogayen tebura, an shimfiɗa wa kowa ganyen ayaba, ana bi ana zuba shinkafa da miya kala-kala. Kowa ya naɗe hannun riga ya sa hannu, kuma duk zauren nan, da likita da masinja, ba mai ci da hagu. Ashe su ma hagu ta makewayi ce. Ba hanyar gudu zuwa ɗaki. Mai rabo ya zo kaina, na rufe ganyena da tafi na ce wa Ummi ta gaya masa na ƙoshi.

Wanda ke zaune kusa da ni wani baƙin mutum ne siriri mai gashin baki, ɗaya daga cikin alƙalan, wanda bai ce uffan ba da safe. Sunansa Rajan, ni kuwa na sa masa Malam don ya cancanta. Ya ce wani abu yana dariya. Ummi ta raɗa mini cewa an hana masu nema zancen bincike da alƙalai. Shi kuma ya ce ta kwantar da hankali, zancen abinci zai yi. Ya ce, "Tambaye shi, shi na ƙoshi yake cewa? Ni azumi nake cewa. Har unguwarmu ta ɗauke ni waliyyi."

Sai a lokacin na dubi hannuwansa. Daga wuyan hannu zuwa sama akwai tabon ɗinki zagaye kamar awarwaro, kuma fatar ƙasa ta ɗan fi ta sama haske. Ma'aikacin wutar lantarki ne, waya ta ƙone masa hannu biyu. Ya yi shekaru matarsa na ba shi abinci a baki a bayan ƙofa, kafin a dasa masa hannuwan wani saurayi da ya rasu a hatsarin babur. Gidauniyar ta sa shi cikin alƙalai don ya san abin daga ciki. Ya miƙo mini hannun na riƙe. Da ɗumi, jama'a, da gumi, har da ƙanshin miya.

Na tuna da Alhaji Sale na ce a tambaye shi ko hannun ya zo da halin mai shi. Ya ce tun da aka dasa masa yake zuba sukari da yawa a shayi, amma matarsa ta ce ƙarya yake ɗora wa mamaci. Sai ya daina dariya ya ce uwar yaron takan zo gidansa duk shekara, ta riƙe hannun ta shafa, ta sha shayi ta tafi. Ya nuna mini wani tabo a bayan hannun hagu. Ya ce nan ne 'yan sintirin jikinsa suka taɓa farkawa, ba wanda ya ga ja a fatarsa sai da abu ya yi nisa, da ƙyar aka ceto shi. Daga nan ya ci abincinsa, ni ban ci ba, bai kuma matsa mini ba.

Da yamma aka sake kiran mu. Likitoci suka yi wa Ummi tambaya a kan fitilarta ta amsa. Tsohuwar na shirin sallamar mu sai Malam Rajan ya ɗaga hannun nan na aro ya ce yana da tambaya guda ga dattijo.

"Yaushe rabonka da cin abinci kwano ɗaya da abokanka?"

Kun ga mugunta? Da ya ce yaya gida, ina da amsa. Da ya ce yaya jiki, ina da amsa. Wannan kuwa ba a amsa ta da alhamdulillahi. Na dubi Ummi, ita ma kallona take, don ita kanta ba ta sani ba.

Na ce, "Tun ranar da inji ya ci hannun."

Daga nan bakin da ya ƙi buɗuwa da safe ya ƙi rufuwa. Na ce masu a garinmu namiji da kwano ake sanin yana cikin mutane. Na ce malamai sun gaya mini lalura ce, ba laifi in ci da hagu, kuma na san ba wanda zai hana ni. Amma na kasa tsoma hannun da nake tsarki da shi a cikin tuwon da wani zai ci, ina tsoron in ga mutum guda ya janye hannunsa, ko da bai ce komai ba. Na ce kullum da magariba ina zaune a zaure ni kaɗai da kwano, ina jin dariyarsu ta katanga, har na san wanda ke santi da wanda ke satar nama. Na ce ban taɓa ƙoshi ba. Na ce ni na tsufa, ga ciwon sukari, na san ba ni za a dasa wa ba. Amma duk kaka inji na cin hannun wani a ƙasarmu, yawanci samari, kuma ba na son su koyi wannan kalma tawa.

Ummi na fassarawa, a tsakiya ta tsaya ta sha ruwa. Da na gama ba wanda ya ɗaga mini babban yatsa. Tsohuwar ta cire tabarau ta kaɗa kai hagu da dama, ni kuwa na kasa tuna ko to ne ko a'a. Aka ce za a sanar bayan an koma gida.

A jirgin dawowa Ummi ba ta tayar da zancen ba, ni ma haka. Ta dai buɗe mini ledar burodi ba tare da na roƙa ba, ta juya tana kallon wani wuri.

Muka dawo aka shiga jira, ku kuma kuka shiga leƙen hannun rigata. Rannan Alhaji Sale ya zo daga Sabuwa cin kasuwa, yamma ta yi masa ya ce zai kwana. Muna zaune ƙofar gidan mai unguwa bayan magariba yana ba mutane labarin hannuna mai rawa, sai wayata ta yi ƙara. Ummi ce, tana ihu kamar ba likita ba. "Kawu, sun ba ni! Sun ba ni irin!" Ba wani abu mai yawa ba ne, iyakar abin da zai sayi fitilu ya riƙe gwajin farko, kuma ta ce mai yiwuwa a gwada a ga ba ya aiki. Amma ta kwance kayan ƙasar Larabawa. Majalisa ta ɗauki kabbara.

Sale ya ce, "To kai Na-ƙoshi, me ka faɗa masu har suka saki kuɗi? Na san dai ba kyanka suka gani ba."

Daidai nan aka fara fito da kwanuka. Ƙafata ta riga ta motsa don tashi, sabo. Sai na ga abin da na iya faɗa wa baƙi a bakin teku, rashin kunya ne in ɓoye wa waɗanda muka yi kaciya tare. Na zauna na faɗa masu, a gajarce, ina kallon ƙasa.

Mai unguwa ya ce innalillahi a hankali. Wani ya fara cewa ai da ka faɗa, Sale ya daka masa tsawa ya ce a rufe mana baki. Ya tashi daga haguna, ya zagayo ya zauna ta damana inda gwiwar hannunmu ba za ta yi karo ba. Ya jawo buta ya zuba mini ruwa na wanke hannu, ya buɗe kwanon tuwon dawa da miyar kuka ya turo tsakiya.

"Shekara da shekaru muna cinye rabonka muna zagin ka da girman kai," in ji shi, "ashe wauta ce kawai. Sa hannu, malam, tuwo na hucewa."

Na yi bisimilla na sa. Ina kallon hannuwansu ta wutsiyar ido, ba wanda ya janye. Akwai tsoka guda a gabana, na bar ta sai ƙarshe yadda aka koya mana. Na kai loma ta uku ke nan, hawaye na neman ba ni kunya, sai na ga hannun Alhaji Sale ya ratso ta gabana ya ɗauke tsokar ya jefa a baki.

Na ce, "Kai ɓarawo, nawa ne!"

Ya ce, yana tauna, "Ai ka ƙoshi."